In An Faɗaɗa Filin Jirgin Sama, Ina Rabon Manomi?

Jama'a, a wannan mako za mu ɗan ajiye maganar iri da taki, mu ɗaga kai mu dubi sama. A shekarar 2013 Gwamnatin Tarayya ta ci bashin dala miliyan 500 daga wani bankin ƙasar Sin, don a gina sababbin gine-ginen fasinja a manyan filayen jirgin saman ƙasar nan, har da na Malam Aminu Kano da ke Kano. An gama na Kano, ana kuwa aiki da shi. Jihohi su ma ba su zauna ba. Dutse ta yi nata filin, Birnin Kebbi da Bauci sun yi nasu, a 2023 kuma aka buɗe na Damaturu, wanda tun daga sunansa aka ce na ɗaukar kaya ne. Duk sa'ad da aka taru buɗe irin wannan aiki, da wuya a watse ba wani babba ya ce an yi shi ne domin manomi ya kai amfanin gonarsa kasuwar duniya ba. To, tun da an ambaci sunansa, manomi yana da ikon ya tambaya: ta wace ƙofa wannan alheri zai shigo gidansa?

Bari mu ɗauki filin Kano, gama shi ne tsoho, shi ne kuma ya ga jiya ya ga yau. Ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage 3 na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Su ne jiragen sama na farko da suka taɓa ƙasar Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma jigila tsakanin Hartum da Kano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai filin ya ƙara girma, domin tun daga 1940 a kan harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, a biyo da su ta Ikko da Kano da Maiduguri, a ƙetare Cadi da Sudan har Masar. Bayan yaƙi kuwa Kano ta zama zangon jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka. Jiragen zamanin nan ba su iya doguwar tafiya ba shan mai, saboda haka wanda duk zai haye Sahara sai ya yada zango a Kano, kamar yadda ayarin raƙuma ke yi a dā. A 1957 aka buɗe sabon ginin fasinja, wanda a lokacin ana kwatance da shi.

Amma ku dubi abin da ya faru. Da aka ƙera jirage masu dogon zango, waɗanda za su tashi daga Turai ba su sauka ba sai inda suka nufa, sai suka riƙa wuce Kano ta bisa. Kamfanoni suka yi ta janyewa ɗaya bayan ɗaya. KLM na ƙasar Holan, wanda ya soma zuwa tun 1947, shi ma ya naɗe tabarmarsa a 2012. Dalili kuwa a fili ya ke. Baƙin nan mai su ke sha su wuce, ba wani kaya na ƙasar Kano da ya ɗaure su. Mai zango a ƙofar gidanka don rijiyarka kaɗai, ran da ya sami babbar salka ba ka ƙara ganinsa.

Ku gwada wannan da labarin reluwe. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Turawa auduga su ke tsammani, amma manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi, suka duƙufa a kanta, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama alamar birnin. Reluwe ta amfani manomi nan da nan domin ta tarad da shi da kayan da ya dace da ita, watau kaya mai nauyi, busasshe, mai haƙurin jira. Buhun gyaɗa ya yi wata da watanni a dala yana jiran tarago, bai ce uffan ba.

Jirgin sama halinsa dabam ne, tilas kuwa mu san halin nan kafin mu sa rai. Babban jirgin kaya irin Boeing 777 abin da ya ke ɗauka wajen ton 100 ne. Tirela guda tana ɗaukar ton 30, watau buhu 300 na masara. Ashe ke nan jirgin nan da ƙararsa ke girgiza gari, kayan tirela uku da 'yan kai kaɗai ya ke iya ɗauka, abin da a kasuwar Dawanau ba a ko ɗaga kai a dube shi. Kuɗin dakonsa kuwa ya ninka na jirgin ruwa sau da yawa. Saboda haka kada wani ya ruɗe ku. Gero da dawa da masara da shinkafa ba za su hau jirgin sama ba har abada, sai fa in yunwa ta auku ana kai agaji. Riɗi da zoɓorodo da citta da ƙaro, waɗanda su ne manyan kayan da Arewa ke fitarwa waje, busassu ne, ta ruwa su ke tafiya, abin da ya dame su shi ne hanyar Ikko da tashar sauke kaya ta kan tudu irin ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023. Tumatir ma, wanda shi ne abin kukan mutanen Kadawa da Kura da Kwanar Gafan in kasuwa ta faɗi, ba abokin jirgi ba ne. Yawancin nauyinsa ruwa ne, kuɗin kilo guda nasa bai isa biyan dakon kilo guda ba. Maganinsa injin markaɗe da shanya mai tsabta da motar da ba ta kwana uku a hanya.

Kayan jirgin sama shi ne wanda ya haɗa hali uku: mara nauyi, mai tsada, mai saurin lalacewa. Koren wake ɗanye irin na Turawa, kuɓewa ɗanya 'yar ƙarama, attaruhu da barkono ɗanye, yalo da gauta, mangwaro na zaɓe wanda ya nuna a bisa uwarsa, nama mai sanyi, da furanni. A nan ne fa Allah ya ba mu wata dama da ba mu ci moriyarta ba tukuna. Watannin da Turai ke cikin sanyi, gonakinsu sun daskare, watau daga Disamba zuwa Maris, su ne daidai watannin da noman rani ke bunƙasa a ƙasarmu, tun ba a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Tiga ba, wadda aka gama a 1974. Ga kuma kusanci. Daga Kano zuwa London wajen kilomita 4,500 ne, daga Nairobi kuwa wajen 6,800. Jidda ma ba ta kai kilomita 3,500 daga Kano ba.

Na ambaci Nairobi da gangan, gama mutanen Kenya su ne suka nuna abin da filin jirgin sama ke iya yi wa ƙasar noma. An buɗe filinsu a 1958, aka faɗaɗa shi a 1978. A bakin tabkin Naibasha, wajen kilomita 90 daga Nairobi, akwai manyan gonakin furen wardi. A kan yanke fure da safe, a sa shi ɗakin sanyi a gonar, da dare mota mai sanyi ta kai shi filin jirgi, inda wani ɗakin sanyin ke jiransa, kashegari yana kasuwar gwanjon furanni ta Alsmiya a ƙasar Holan. A 2021 da 2022 furen da Kenya ta fitar ya kai kamar ton 200,000 kowace shekara, mafi yawansa ta sama. Na san wani zai yi dariya ya ce, fure kuma, ana cinsa ne? Ba a cinsa, amma dubban mutane, yawancinsu mata, da shi su ke ci da 'ya'yansu. Ba kuwa manyan gonaki kaɗai ba. A ƙasashen Kirinyaga da Meru akwai ƙananan manoma masu rabin eka ko ƙasa da haka, su na noma koren wake bisa yarjejeniya da kamfani. Kamfani ya ba da iri, ya faɗi maganin da za a fesa da ranar da za a daina fesawa, motarsa ta zo rumfar tara kaya a ranakun da aka yanka. Manomin nan watakila bai taɓa shiga jirgi ba, amma kuɗin makarantar ɗansa ta jirgi ya ke zuwa.

Sai dai sana'ar tana da nata haɗari. A watan Afrilu 2010 wani dutse ya yi aman wuta a tsibirin Aislan, can arewacin Turai, toka ta rufe sararin sama, aka hana jirage tashi wajen kwana 6. Manoman Kenya da ba su san ko ina Aislan ta ke ba suka zubad da fure da kayan lambu tuli, aka sallami dubban ma'aikata. A 2020 kuma annobar korona ta maimaita musu. Wanda ya shuka dawa, in kasuwa ta ƙi ya zuba a rumbu. Wanda ya shuka wardi ba shi da rumbu.

Akwai wani misali da ya fi kusa da mu, ƙasarsu irin tamu, zafinsu irin namu. A Barkina Faso, tun tana Bolta ta Sama, manoman bakin tabkin Bam a Kongusi da na kwarin Suru sun yi shekaru su na noma koren wake da rani, jam'iyyun gama kai su na tarawa, ana kai shi Wagadugu a ɗora a jirgi zuwa Faransa. Tun cikin shekarun 1970 su ke yi, har ƙasar ta shiga cikin manyan masu kai wa Faransa wake daga Afirka. Wake ne na yabo, da hannu a ke tsinkarsa ɗaya ɗaya. Abin da ya karya cinikin ba daga gona ya fito ba. Jirgi ya kan makara, ko ya zo ba wuri a cikinsa, kaya su yini a rana su yi laushi, mai saye a Faransa ya ce ba zai biya ba, asara ta gangaro har kan mai fartanya. Kamfanin Air Afrique da su ke dogara gare shi ya durƙushe a 2002. Maroko da Masar da Senegal kuwa suka shigo kasuwar da kaya mai araha. Filin jirgi yana nan a Wagadugu, bai je ko'ina ba, amma ciniki ya ragu ƙwarai.

To, daga waɗannan labarai biyu ya kamata mu gane abin da za mu riƙa tambaya in an ce ana faɗaɗa fili. Ginin fasinja mai gilashi da matakala mai tafiya da kanta abu ne mai kyau, ban kuwa ce ba ya amfanin manomi ko kaɗan ba. Kusan rabin kayan da ke tafiya ta sama a duniya ba cikin jirgin kaya su ke tafiya ba, a cikin ɗakin kaya na ƙarƙashin jirgin fasinja su ke. Duk sa'ad da aka ƙara jirgin fasinja mai zuwa Alƙahira ko Adis Ababa ko Jidda ko Doha, an ƙara wurin 'yan ton na kuɓewa da barkono ke nan. Ga shi kuwa fatakenmu na Kantin Kwari da sauran kasuwanni su kan cika jirgi da haja in za a zo, in za a koma kuwa sau da yawa wurin yana da sarari, mai jirgi kuma ya gwammace ya rage kuɗin dako da ya tashi da iska. Amma wannan sarari ba ya cika kansa.

Abu na fari shi ne sanyi. Ɗanyen kaya da aka tsinka bai mutu ba, yana numfashi, yana cin jikinsa. Masana sun auna sun ga duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin wannan numfashi sau biyu ko uku. Kwandon kuɓewa da ya yi sa'a huɗu a rana a bakin titi ya riga ya ci kwana ɗaya ko biyu daga cikin kwanakinsa. Kowane kaya kuma da irin sanyin da ya ke so. Fure yana son kusa da ƙanƙara, koren wake wajen digiri 5 zuwa 7, kuɓewa 7 zuwa 10, mangwaro 12 ko 13. In ka sa kuɓewa a sanyin nama sai ta yi baƙi. Saboda haka ɗakin sanyi guda bai isa ba, sai an rarraba, sai kuma an sami wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa, ko ta gwamnati ko ta hasken rana. In ni aka tambaya, ɗakin sanyi mai aiki dare da rana a gefen filin Kano, da ƙanana irinsa a Kura da Bunkure da Haɗeja, sun fi wa manomi kowane irin ado na zauren manyan baƙi.

Sa'an nan akwai hazo. Watannin da kayan lambunmu ke da kasuwa a Turai su ne kuma watannin da hunturu ke turnuƙe sararin Kano, har a yi kwanaki ana soke tashi da sauka. Fasinja ya koma gida ya dawo gobe, wake kuwa ba ya dawowa. Na'urorin da ke jagorar jirgi ya sauka cikin hazo, da fitilun titi, ba a ganinsu a hoton ranar buɗewa, amma ga mai lambu su ne faɗaɗawar gaskiya. Tsawon titi shi ba abin damuwa ba ne a Kano, gama babban titin ya kai mita 3,300, ya ishi manyan jirage. A ƙananan filaye ne ya kamata a tambaya, domin iska mai zafi ba ta da kauri, fukafukin jirgi ba su samun abin dogara da wuri, jirgi mai nauyi a tsakar bazara sai ya yi dogon gudu kafin ya ɗaga, ko kuwa a rage masa kaya.

Abu na uku a hannunmu ya ke, mu manoma, shi ya sa na fi jin nauyin faɗarsa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya, saboda an yi ta samun maganin ƙwari a jikinsa fiye da ƙa'ida, watau irin dafin da ke cikin fiya-fiya, aka kuwa yi ta ƙara wa'adin hanin. A shekarar nan ɗaya aka hana barkono da yalo da waɗansu kayan lambun Gana saboda tsutsa da ƙudan 'ya'yan itace. Mutanen Gana suka gyara, suka tsananta dubawa tun daga gona, aka ɗage musu a farkon 2018. Zoɓorodonmu ma Meziko ta taɓa rufe masa ƙofa saboda wani ƙwaron sito, sai bayan shekaru aka buɗe. Kwali guda in aka kama shi da laifi, ba sunan mai gonar a ke rubutawa ba, sunan ƙasa a ke rubutawa. Abin takaici kuma, lambunan da suka fi kusa da filin jirgin Kano, na bakin Jakara da Getsi, da ruwan kwatamin birni da na masana'antun Bomfai a ke ba su ruwa. Ganyen ya yi shar gwanin sha'awa, jirgi na wucewa ta bisa kansa kullum, amma ba zai ci jarrabawar ɗakin awo ba. Hukumar duba lafiyar tsire-tsire da dabbobi ta Tarayya ita ke ba da takardar shaida kafin kaya su fita. In ma'aikatanta da na kwastan ba su zauna wuri ɗaya a filin ba, su gama aikinsu cikin sa'o'i kaɗan, to, abin da rana ba ta lalatar ba jiran sa hannu zai lalatar.

Manomi guda kuwa, ko wane ne shi, ba ya cika jirgi. Mai saye a waje ba ton ɗaya na yau kaɗai ya ke so ba. So ya ke a ce kowace Talata da Jumma'a ga ton kaza, girma ɗaya, iri ɗaya, daga farkon kaka har ƙarshenta. Wannan sai jam'iyyar gama kai mai littafi, wadda ta san gonar kowa da abin da ya fesa, ta kuma rarraba ranakun shuka don kada kowa ya tsinka mako ɗaya.

Akwai kuma amfanin da ba ya hawa jirgi, wanda sau da yawa shi ya kan fara isa ƙauye. Fili mai aiki yana tara ma'aikata da direbobi da masu masauki da masu abinci, dukansu kuwa ciki gare su. Mai kiwon kaji da mai ƙwai da mai nono da mai albasa na kewayen Kano sun san yadda kasuwa ke motsawa lokacin tashin alhazai da dawowarsu. Hanyar da aka shimfiɗa domin fili, amalanke da kurar ruwa ma su na bi.

Saura magana ɗaya mai ɗaci. Fili ba ya faɗaɗa a sama, cikin gonar wani ya ke faɗaɗa. Bisa Dokar Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna, yana da ikon karɓarta domin aikin jama'a. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke bisa ƙasar ce, watau shuka da itatuwa da gini da rijiya, ba ta ƙasar kanta ba. Gonar kewayen Kano kuwa, irin ta wajen Fanisau da Jaba, wadda kaka da kakanni suka yi ta kai mata taki da mangala a kan jaki har ta zama ana nomanta kowace shekara ba hutu, ba wani awo da ke lissafa wannan taki. Rigimar nan ba a ƙasarmu kaɗai ba ce. A Japan, da gwamnati ta zaɓi Narita a 1966 ba ta shawarci manoman wurin ba, sai suka tsaya kai da fata, ba a buɗe filin ba sai 1978, da titi guda kaɗai. A Abuja ma aikin titi na biyu ya tsaya cik kan maganar diyyar mutanen Jiwa, sai a 2023 aka daidaita.

Saboda haka wanda duk ya ji an ce awo zai biyo ta gonarsa, kada ya wakilta kowa ranar ƙidaya. Ya tsaya da kansa, ga dagaci ga maƙwabta, a ƙirga ɗorawa da kuka da tsamiya da mangwaro ɗaya ɗaya, a rubuta, ya karɓi tasa takardar. In gonar gado ce, a sasanta da 'yan'uwa tun kafin kuɗi su fito. Kuɗin kuma in sun zo, a fara neman wata gonar kafin a tuna da babur ko ƙarin aure, gama da labari ya bazu farashin gonakin kewaye ya ke tashi. Wanda gonarsa ta tsira a bakin shinge shi ma ya sani hukumar fili ba ta son abin da ke tara tsuntsaye, ko juji ko mayanka ko hatsin da aka bari a tsaye, domin tsuntsu guda in ya faɗa injin jirgi yana iya jawo babbar hasara, ana kuwa iya zuwa masa da sharaɗi kan abin da zai shuka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan wake, mu ga yadda a ke ajiye shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, ya shekara ba ƙwari ba fiya-fiya.